Jami'ar jiharmu ko makarantar zane mai suna? Na rasa yadda zan auna

Assalamu alaikum Anti. Shekarata goma sha takwas, iyayena sun daɗe a Amurka, a nan na yi sakandare, bana nake gamawa. Tun ina ƙarama hannuna ba ya rabuwa da fensir, daga baya na kamu da son ɗaukar hoto da haɗa bidiyo. Burina in haɗa ilimin sadarwa da fasahar zane. Wuri biyu sun ba ni gurbi: jami'ar jihar da muke zaune, tafiyar awa biyu daga gida, da wata makarantar zane mai zaman kanta a jiha mai nisa, wadda sunanta ya zagaye ko'ina. Ta jihar kuɗinta da sauƙi, ɗayar kuwa ko bayan ragin da suka yi mini sai mun ci bashi mai nauyi. Baba ya ce ta jihar zan je ko in haƙura, ya ƙara da cewa shi bai ga abin da zane zai tsinana mini ba. Ƙawayena kuma suna cewa jami'ar jiha ta kowa da kowa ce, ba can ake zuwa koyon zane ba. Yau kwana biyar ke nan gaisuwa kawai ke haɗa ni da Baba. Ranar 1 ga Mayu ake rufe ba da amsa. Ta yaya zan gane ko jami'ar nan za ta ba ni abin da nake nema?

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika tsaya tambaya kafin ki sa hannu a takarda.

Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ke da Baba da ƙawayenki duk kuna jayayya a kan wurin da babu ɗayanku da ya taɓa zama a ajinsa. Baba kuɗi yake kallo, ƙawayenki suna suke kallo, ke kuma zuciyarki ta tafi makarantar nesa. Ba ki gaya mini su wane ne ke koyar da zane a jami'ar jihar taku ba, ba ki ce kin ga ɗakunan aikinsu ba, ba ki ce kin ga abin da ɗalibansu ke fitarwa ba. Ina zaton ba ki bincika ba tukuna. Wannan shi ne aikin da ke gabanki kafin 1 ga Mayu, kuma lokacin da ya rage ya ishe ki.

Bari in fara da maganar ƙawayenki, domin ita ce ta fi rauni. Makarantar koyon aikin jarida da ake ƙirgawa ta farko a Amurka a jami'ar jiha aka buɗe ta, Jami'ar Mizuri, a 1908, ƙarƙashin Walter Williams. Ranar da aka fara karatu, a ranar ɗalibai suka fitar da jarida, kuma tun 1953 jami'ar ke da tashar talabijin tata mai suna KOMU, inda ɗalibai ke aikin labarai mutanen gari na kallonsu a gidajensu. Wilbur Schramm, wanda ake ɗauka a matsayin uban ilimin sadarwa na zamani, a Jami'ar Ayowa ya tsara karatun digiri na uku a wannan fanni a 1943, sannan ya koma Jami'ar Ilinoi ya kafa cibiyar binciken sadarwa a 1947. Duka biyun na jiha ne. A ɓangaren zane ma haka: Elizabeth Catlett, baƙar fata kuma gwanar sassaƙa da duniya ta sani, a Ayowa ta yi digirinta na biyu a 1940, ta yi karatu a hannun shahararren mai zane Grant Wood. Jami'ar VCU da ke birnin Richmond a jihar Bajiniya ta gwamnatin jiha ce, kuma sashen zanenta ya yi ƙarfin da har ya buɗe reshe a Doha tun 1998. Saboda haka duk wanda ya ce miki ba a koyon zane ko sadarwa a jami'ar jiha, bai san tarihin abin da yake magana a kai ba.

Sai dai kada ki riƙe wannan a matsayin shaidar cewa taku ma haka take. Jami'o'in jiha suna da yawa ƙwarai, kuma ba ɗaya suke ba. Akwai wadda ta yi suna a likitanci ko injiniyanci ko ƙwallo, ta bar sashen zanenta da malamai huɗu a ƙarƙashin wani tsohon gini. Akwai kuma ƙarama wadda ba a jin sunanta a wajen jiharta, amma tana da malami ɗaya ko biyu da suka gina sashen da kamfanoni ke zuwa ɗibar ɗalibai. Shi ya sa jerin gwanayen jami'o'i da ake bugawa kowace shekara ba zai amfane ki da komai ba a nan. Jami'ar gaba ɗaya yake aunawa, ke kuwa sashe biyu za ki auna, sai kuma ƙofar da ke tsakaninsu, ko a buɗe take ko a rufe.

Kalmar sadarwa ɗin ma tarko ce, kuma ta kama ɗalibai da yawa. Abu uku ne ake kira da sunan nan, kuma sun yi hannun riga. Akwai sashen da suke rubutawa Communication Studies, wanda yawanci nazari ne: yadda ake jan ra'ayi da magana, yadda mutane ke mu'amala a iyali da wurin aiki, yadda ake binciken tasirin kafofin watsa labarai. Ilimi ne mai kyau, amma za ki iya gama shekara huɗu a cikinsa ba ki riƙe kyamara ba. Akwai makarantar aikin jarida da watsa labarai, inda ake koyon rubuta labari, ɗaukar bidiyo, tace shi, talla da hulɗa da jama'a. Sai na uku, wanda nake zargin shi ne ainihin abin da kike nema ba ki san sunansa ba: tsara saƙo ta hanyar hoto da rubutu da launi, wanda wasu ke kira Visual Communication, wasu Communication Design, wasu Graphic Design, kuma galibi a ƙarƙashin sashen zane yake, ba sashen sadarwa ba. Ki buɗe kundin darussan jami'ar a intanet, wanda ke jera kowane kwas da bayaninsa, ba shafin talla mai hotunan ɗalibai suna murmushi a kan ciyawa ba. Ki ɗauki biro ki ja layi a ƙarƙashin duk darasin da a ƙarshensa ɗalibi zai fito da wani abu a hannu, bidiyo ko hoto ko fosta ko mujalla. Idan layukan ba su kai goma ba a sassan biyu, kin samu rabin amsarki. Ki kuma duba jadawalin zangon da ake ciki da na baya, domin akwai darasin da yake zaune a kundi amma an yi shekara uku ba a koyar da shi ba.

Daga nan sai lissafi, kuma ina so ki natsu a kansa. Digirin farko a Amurka yawanci kiredit 120 ne (kiredit shi ne ma'aunin nauyin darasi), kamar 15 a kowane zango na tsawon shekara huɗu. A fannin zane digiri iri biyu ne. BFA na ƙwarewa ne, kusan kashi 65 cikin ɗari na karatun zane ne, wato kiredit 78 ko kusa da haka. BA kuwa zanen da ke cikinsa tsakanin kashi 30 ne zuwa 45, wato kiredit 36 zuwa 54, sauran a bar miki ki cika da wasu fannoni. Ki ƙara da darussan dole da ake ɗora wa kowa, lissafi da kimiyya da rubutu da tarihi, za ki ga cewa haɗa BFA da cikakken digirin sadarwa a shekara huɗu abu ne mai wuyar gaske, sau da yawa sai an shiga ta biyar, ita kuma ta biyar da kuɗinta take zuwa. Ga kuma abin da takarda ba ta nunawa: darasin situdiyo, wato na aiki da hannu a ɗakin zane, mai kiredit uku yakan ci kusan awa shida a aji kowane mako, ban da aikin da za ki koma ki ƙarasa da dare. Biyu daga cikinsu sun cinye miki yini biyu, kuma nan ne suke karo da darussan sadarwa a jadawali. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ɗaya ya zama babba ɗaya ƙarami: BFA a tsara zane da ƙaramin fanni a sadarwa, ko BA a aikin watsa labarai da ƙaramin fanni a zane. Ki tura wa mai ba ɗalibai shawara na kowane sashe saƙo, ki ce su turo miki tsarin zango takwas na ɗalibin da ya haɗa biyun ya gama. Idan sun turo, hanyar tana nan, an bi ta. Idan suka yi ta kewaye-kewaye da cewa ai komai mai yiwuwa ne, to babu wanda ya bi ta, ke za a gwada da ke.

Yanzu maganar ƙofar nan. A jami'o'in jiha da yawa, samun gurbi a jami'a daban, samun gurbi a sashen daban. Za a karɓe ki a matsayin mai shirin shiga, ki yi shekarar share fage kina koyon zane da gawayi, launi, siffa da gini da kwali da waya, tsarin da ya samo asali daga makarantar zane ta Bauhaus da aka kafa a Jamus a 1919. A ƙarshen shekara ta ɗaya ko ta biyu sai ki miƙa kundin ayyukanki malamai su tantance, kuma kujerun sashen tsara zane ƙididdigaggu ne. Ki tambaya da lamba: bara mutum nawa suka nema, nawa aka ɗauka, wanda bai samu ba zai iya sake nema, kuma ina ake tura shi? Sannan ki tambaya ko ɗalibin sadarwa yana da izinin rajistar darasin situdiyo. A wurare da yawa an keɓe su ga 'yan sashen, na waje sai idan kujera ta yi saura, ita kuma ba ta saura.

Na ga wannan da idona. Shekarun baya na raka ɗan ƙanwata duba wata jami'a. Mai zagayawa da baƙi ya nuna mana wurin motsa jiki da ɗakunan kwana da filin wasa, bai kai mu inda muka zo dominsa ba. Muka zame muka nemi ginin zane da kanmu. Tun daga matakala warin fenti ya tarbe mu, daɓen duk ɗige-ɗigen launi, bangon dogon barandar an lilliƙa zanen gawayi da ƙananan ƙusoshi, wata ɗaliba ta kife kai a kan tebur tana barci da la'asar, hannunta baƙi ƙirin. Raina ya yi fari, domin wurin da ake aiki haka yake. Sai muka gangara tagar da ake ba da aron kayan aiki, muka tarar da wani ɗalibi a zaune, bayansa kantoci cike da kyamarori da fitilu da makirufo. Yaron nawa ya tambaye shi yadda ake ara. Ɗalibin ya tambayi sashen da zai shiga, da ya ji sadarwa ne sai ya nuna wata kanta ta ƙasa mai tsofaffin kyamarori uku ya ce waɗannan ne nasu, na saman na 'yan aji uku ne na sashen fim, kuma ko su sai sun rubuta suna mako guda kafin lokaci. Minti biyu muka yi a tagar nan, mun koyi abin da littafin tallarsu mai shafi arba'in bai faɗa ba.

To ke ma ki je. Awa biyu ce, ba ki da uzuri. Ki je ranar karatu, ba ranar da aka ware wa baƙi ba, ki nemi izinin zama a aji ɗaya, musamman ajin da ake kafe ayyuka a bango ana sukarsu ɗaya bayan ɗaya. Ki saurari malamin: yana faɗa wa ɗalibi takamaiman abin da ya lalata aikinsa da yadda zai gyara, ko kowa yabo yake sha a tashi? Ki tambaya ko situdiyo a buɗe yake da dare da ƙarshen mako, ko jami'a ce ke biyan kuɗin manhajojin zane na kamfanin Adobe ko ɗalibi, nawa ake caji na kayan aiki a kowane darasi, wace irin kwamfuta za a ce ki saya. Ki tsayar da 'yan aji huɗu guda biyu ko uku ki tambaye su abin da suka so a ce sun sani kafin su zo. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma ɗalibin da ya kusa fita ba ya ɓoye komai.

Kin kuma yi sa'ar lokaci. A watan Afrilu da farkon Mayu ne masu gamawa ke baje kolin ayyukansu na ƙarshe, kuma ni a wurina babu ma'aunin da ya kai wannan. Kada ki tsaya a kan aikin da ya fi kyau, domin kowace makaranta tana da haziƙi ɗaya da ko ina ya je zai yi fice. Na tsakiya za ki duba. Idan matsakaicin ɗalibi ya fito da aiki mai tsabta, rubutunsa a tsare, saƙonsa a fili, to koyarwar ce ta kai shi. Idan kuma ayyuka talatin duk kamar hannu ɗaya ya yi su, malami ne yake buga kansa a kan ɗalibai. Ki yi wa makarantar nesa irin wannan dubawar, yawancinsu suna sa baje kolin a intanet. Ki ajiye su gefe da gefe, ki rufe sunayen makarantun da hannu, ki tambayi kanki ko bambancin da kike gani ya kai kuɗin da ake nema. Haka jaridar ɗalibai da rediyonsu: ki karanta fitowar makon nan, ki ji ko ɗan aji ɗaya yana iya shiga ya fara aiki, ko sai ya tsufa a makarantar.

Malamai kuma ki bi sunayensu ɗaya-ɗaya. Wa yake aiki a fagen har yanzu, wa ya rabu da shi shekara ashirin? Nawa ne na dindindin, nawa ne na wucin gadi da ake ɗauka zango-zango? Na wucin gadi sau da yawa su ne suka fi sanin kasuwa, amma ba lallai ki same su badi ba lokacin da kike neman mai rubuta miki takardar shaida. A manyan jami'o'i kuma darussan shekarar farko ɗaliban digiri na biyu ne ke koyar da wasunsu, ki tambaya. Ki ji kuma yadda suke ɗaukar ƙirƙirarriyar basira a aji, domin sashen da ya kawar da kai kamar babu ita, da wanda ya sakar mata komai, duka biyun ba su shirya ki ba.

Tantancewar da hukumomi ke yi wa sassan jami'a ba zan daɗe a kanta ba. Hukumar NASAD ce ke tantance sassan zane, hukumar ACEJMC kuma na aikin jarida da watsa labarai, kuma cikin sharuɗɗan ACEJMC akwai cewa ajin koyon aiki da hannu kada ya wuce ɗalibai 20. Samun hatiminsu alama ce mai kyau. Rashinsa ba hukunci ba ne, domin shiga ganin dama ne, har makarantar aikin jarida ta Medill a Jami'ar Northwestern, da ba a jayayya da ƙarfinta, ta bar nata ya faɗi a 2017. Abin da ya fi hatimi muhimmanci shi ne sanin makamar aiki. Jami'ar Sinsinati tun 1906 ta fara tsarin da ɗalibi ke yin zango a aji, zango a wurin aiki, kuma ɗaliban tsara zanenta da shi suke gamawa. Taku ba sai ta kai haka ba, amma su iya kawo miki sunayen wuraren da ɗaliban bara suka yi aiki. Jami'ar da ke cikin babban birni ta fi sauƙin wannan, ta ƙaramin gari kuwa sai kin shirya fita lokacin hutun bazara.

Akwai wani abu da ban ga kin ambata ba, kuma gara ki ji shi daga bakina yanzu da ki ci karo da shi a mako na uku. A sassan zane da yawa akwai darasin zana jikin ɗan Adam, kuma wanda ake zanawa yakan tsaya ba tufafi. A wasu tsare-tsaren BFA dole ne, musamman na fenti da zanen littattafai, a wasu kuma kamar tsara zane da ɗaukar hoto ba lallai ba ne. Ki tambayi shugaban sashen a rubuce ko darasin dole ne a layin da kike so, kuma ko akwai madadinsa. Wannan tambayar ta shafi makarantun biyu, ta nesa ma ta fi yiwuwar tilastawa. Ki san matsayinki tun yanzu, ki kuma faɗa wa iyayenki da kanki.

Sai kuɗi, inda nake ganin Baba ya fi ki gaskiya. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, matsakaicin kuɗin makaranta a jami'ar jiha ga ɗan jihar dala 11,610 ne, ga wanda ya zo daga wata jiha 30,780, a masu zaman kansu kuwa 43,350, duk ban da ɗaki da abinci. Kada ki kwatanta waɗannan, ki kwatanta abin da ya rage bayan an cire tallafin da ba a biya, ki ninka da huɗu, ki tambaya ko ragin da aka yi miki na shekara huɗu ne da kuma makin da ake so ki riƙe. Ki tabbatar kuma jami'ar jihar ta rubuta ki a matsayin 'yar jiha, domin irin takardar zaman iyaye takan shafi wannan. Bashin gwamnatin tarayya da ɗalibi irinki zai iya ci da sunansa, idan ya cancanta, dala 5,500 ne a shekarar farko, 6,500 a ta biyu, 7,500 a ta uku da ta huɗu, jimla 27,000. Duk abin da ya haura wannan, ko dai da sunan Baba za a ci shi, ko a banki da sa hannunsa, da kuɗin ruwa a kai. Kin ga ke nan ba rowa yake yi ba, wuyansa ake nema a sa wa igiya, kuma na san yadda maganar ruwa take da nauyi a zuciyar iyaye irin namu.

Dalilin da ya sa nake tsoron bashi a wannan fanni fiye da wasu shi ne shekarun farko bayan gamawa albashi ƙarami ne, aikin kuma sau da yawa na ɗan lokaci ne. Mai zane yana bukatar sararin karɓar aikin da zai gina shi ko da kuɗinsa kaɗan ne. Wanda bashi ke bi kowane wata ba shi da wannan sararin, duk aikin da ya samu zai kama, kuma na ga masu baiwa da suka ajiye fensir saboda haka. Ki shiga shafin intanet na College Scorecard na Ma'aikatar Ilimi ta Amurka, ki nemi makarantun biyu, ki duba fannin da kike so, ba jami'ar gaba ɗaya ba: abin da masu gamawa ke samu da bashin da suka fita da shi. Ki duba kuma kashi nawa ke dawowa shekara ta biyu, kashi nawa ke gamawa. Idan bashin da za ki fita da shi ya fi albashin shekararki ta farko, ni ban yarda ba.

Suna kuma ba ya hana rufewa. Cibiyar zane ta San Faransisko, wadda aka kafa a 1871, ta daina karatu a 2022. Jami'ar fasahohi ta Filadelfiya ta rufe a watan Yunin 2024 da sanarwar mako guda, ɗalibai suka watse neman inda za su ƙarasa. Na jiha ba kasafai suke rufewa ba, amma suna yanke sassa: Jami'ar Bajiniya ta Yamma ta soke fannonin digiri 28 a 2023. Saboda haka ki tambayi duka biyun ko ɗaliban sashen ƙaruwa suke ko raguwa, kuma ko an maye gurbin malaman da suka yi ritaya.

Ga ra'ayina a fili. A wannan sana'a mai ɗaukar aiki kundin ayyukanki yake buɗewa kafin ya dubi sunan makarantarki. Idan kin je kin tarar ƙofar nan a buɗe, kayan aiki suna isa hannun ɗan aji ɗaya, matsakaicin aikin masu gamawa ya burge ki, to ki karɓi jami'ar jihar da hannu biyu, ba don kin rasa ba. Mai son sadarwa ma ta fi cin riba a can, domin a gefenki akwai masu karanta tarihi da kasuwanci da lafiya da siyasa, su ne labaran da za ki ɗauka, su ne kuma za su fara neman ki yi musu fosta da bidiyo. Makarantar zane zalla ba ta da wannan. Idan kuma kin tarar sashen ya mutu a tsaye, kada ki ce dole sai ta nesa. Ki duba sauran jami'o'in gwamnati na jiharku, su ma kuɗin ɗan jiha za ki biya. Ki rubuta wa makarantar nesa ki nemi ƙarin tallafi, kina nuna musu tayin da kike da shi, ana yin haka kuma wani lokaci ana dacewa. Ko ki yi shekarar share fage a kusa da gida, ki gina kundinki, ki nemi canji daga baya, bayan kin tabbatar za su karɓi kiredit ɗinki.

Saura Baba. Kwana biyar sun yi yawa, 'yata, kuma ke ce za ki fara. Da ya ce bai ga abin da zane zai tsinana miki ba, tambaya ce yake yi cikin tsoro, kuma ta cancanci amsa. Kalmar zane a kunnensa mai fenti ne a bakin titi yana jiran mai saye. Ki ɗauki wayarsa ki nuna masa cewa kowane maɓalli da tambari da ke cikinta wani ne ya tsara shi aka biya shi, haka kwalin maganin da ke kan teburinsa da allunan filin jirgi. Ki nemo tallar aiki guda biyar na gaske a jiharku masu neman irin abin da za ki koya, ki buga su a takarda, ki haɗa da tsarin zango takwas da lissafin kuɗin makarantun biyu. Ki same shi lokacin da ya huta, ki fara da ba shi haƙuri a kan shirun nan, ki ce masa kin gane maganarsa ta bashi. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya, ya kai ki jami'ar da kansa ranar baje kolin masu gamawa, ku shiga ginin zane tare, ya yi wa shugaban sashen tambayar nan tasa da bakinsa, ina ɗaliban bara suke aiki yanzu. Idan Mama ta fi iya shawo kansa, ki bi ta wajenta.

In kun dawo ki sake rubuto mini abin da kuka gani, musamman amsar da aka ba ki a tagar aron kyamara. Ki gaishe mini da Baba da Mama.